Ranar da Duba-Gari Ya Shiga Laburare

"Baba, don girman Allah ka saurare ni, ko na minti biyu ne."

"Wata takwas ina sauraronki, Auta. Me ya rage ban ji ba?"

Tana durƙushe a gefen kujerarsa, ta haɗa hannuwa biyu, hawaye ya gama jiƙa mata wuyan riga. Shi kuwa ko kallonta bai yi ba, yana ta goge gilashin idonsa da hankici, gilashin da tun ɗazu ya fita tas.

Shekara talatin da biyu Baba ya yi yana aikin duba-gari. Ya rufe gidajen abinci ba adadi, ya sa an kifar da randunan da suka yi tsutsa, mahauta kuwa ko inuwarsa suka hango sai su hau wanke tebur. Shekara shida ke nan da yin ritayarsa, amma aikin bai fita daga jikinsa ba. Har gobe idan ya je gaisuwa gidan mutane, bakinsa na sallama, idonsa na saman ƙofa yana neman ƙura.

To wannan mutumin ne autarsa, ma'aikaciyar laburare mai shekara ashirin da takwas, ta kawo wa zancen wanda take so. Kuma duk mazan duniyar nan ta rasa wanda za ta so sai mai kiwon ƙwayoyin cuta.

"Ba kiwo yake yi ba, Baba. Mai zane ne."

"Zane da fenti ake yin sa. Wanda ya ɗebo datti daga jikin littafi, ya sa a faranti, ya ba shi abinci, ya rufe, ya zauna jiran ya girma, kiwo yake yi. Abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina kashewa, shi yake raino kamar ɗan cikinsa. Shi zan ɗauki 'yata in ba?"

Mama ta leƙo daga ƙofar kicin, hannu ɗaya a kan gwiwa.

"Ni dai ban ga abin da yaron nan mai kemis ya rasa ba. Yaro fes-fes, ko takalminsa ƙura ba ta zama. Tun da ya fara kawo min man shafawar nan nake iya tashi ba sai na dafa bango ba."

"To Mama, ni zai aura ko gwiwarki?"

"Ji min 'ya da baki! Malam, kana jin ta ko?"

Mai Kemis dai shagonsa na bakin titinsu, shekara biyu yana bin Auta, ita kuma shekara biyu tana ba shi haƙuri. Da 'yar kwalbar feshi yake yawo a aljihu, ya fesa hannu kafin ya gaisa da mutum, ya sake fesawa bayan sun gaisa. Ranar da Baba ya fara ganin haka, ranar ya kamu da son yaron. Da Baba ne ake nema da aure, da tuni an gama.

Baba ya mai da gilashinsa, ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware.

"Wannan daga shugabarku ta fito. An kai mata ƙorafi cewa abin da mutumin naki zai baje wa jama'a gobe a laburare haɗari ne ga lafiya. Ta ce ba za a buɗe ba sai wanda ya san aiki ya duba. Ni aka roƙa."

Auta ta dubi takardar. Ba ta bukatar a gaya mata wanda ya rubuta ƙorafin, ko wanda ya ba da sunan Baba.

"Gobe ƙarfe goma zan shiga ɗakin nan," in ji Baba. "Ba zan yi miki dole ki auri kowa ba, ba a haka na rene ki ba. Amma idan na samu datti, ko guda ɗaya ne, kada in sake jin zancen mai zanen nan a gidana. Kin yarda?"

"In kuma ba ka samu ba fa?"

Baba ya yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba.

"Auta, tun da nake ban taɓa shiga wuri na fito hannu rabbana ba."

Ta kifa kai a hannun kujerar ta fashe da sabon kuka, don ta san ba cika baki yake yi ba.

*

Washegari, takwas ba ta yi ba Auta ta isa laburare. Ta wuce teburinta ko jaka ba ta ajiye ba, ta ratsa tsakanin kantocin littattafai zuwa babban ɗakin baya, inda aka ba Mai Zane ya shirya aikinsa.

A bara ya fara zuwa. Lokacin an sa ta ware tsofaffin littattafan da suka yage za a zubar, ya tsaya a kanta ya ce don Allah a ba shi su. Ta ɗauka irin masu ƙunshe kaya a takarda ne, ta yi masa kallon sama da ƙasa. Sai ya ɗauki guda ya buɗe mata. Ga busasshen fure, ga tikitin mota, ga silin gashi, ga wurin da ɗigo uku suka kumbura takarda, daidai inda uwar yarinyar cikin labarin ta rasu. Ya ce, "Nan wani ya yi kuka." Shekara biyar tana faɗa da masu lanƙwasa shafi, sai ranar ta ga ashe mutane ne a cikin ɓarnar.

Daga baya ta ji shekara bakwai ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kafin zane ya rinjaye shi. Yakan goga tsinken auduga a jikin shafi, ya shafa a ɗan farantin gilashi mai daskararren romo a ciki, ya rufe. Kwana kaɗan sai ƙananan halittun da hannuwan masu karatu suka bari su tsiro launi-launi, shi kuma ya ɗauki hotonsu ya faɗaɗa. Ta fara da kallon faranti, ta ƙare da kallon mai faranti.

Yau ta same shi a kan tsani yana daidaita hoto. Yana ganin kumburarrun idanunta ya sauko.

"Baba ne zai duba," ta ce.

"An gaya min jiya."

"To me kake jira? Kwashe farantan nan ka kai mota. Ka bar hotuna kawai. Hoto ba ya cuta, ba abin da zai ce."

"In ɓoye masa?"

"Na awa ɗaya! Ba ka san Baba ba. Ya taɓa rufe gidan burodi saboda gashi ɗaya. Gashi ɗaya, wallahi!"

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Kai aikinka kake gani, ni kai nake gani. Idan ya ce a'a yau, shi ke nan, ba na iya tsallake maganarsa, ka sani. Ya zan yi da raina? In riƙa zuwa nan kullum ina ganin kujerar da kake zama?"

Ya tsaya nesa da ita kaɗan, hannuwansa a baya, shi ma idonsa ya kaɗa.

"Kin san abin da nake tsoro? Ya ba ni ke saboda ɗakin da na share masa, ran da ya zo gidanmu ya ga farantan, ya ce mun haɗa baki mun yaudare shi. Ranar ba ni kaɗai zan faɗi a idonsa ba, har da ke. Ina son ya ba ni ke yana sane da ko ni wane ne."

"In ya hana fa?"

"Zan ji ciwon da ban taɓa ji ba. Amma ba zan ce ya zalunce ni ba."

"Taurin kanka irin nasa ne sak," ta ce tana share hanci. "Ni Allah ya haɗa da ku biyu."

*

Goma daidai Baba ya shigo, cikin tsohuwar rigarsa ta kaki da ta sha guga, tocila a hannun dama, ɗan littafin aljihu a hagu. Shugabar laburaren na biye da shi. Bayansu Mai Kemis, takunkumi biyu a fuska, safar roba a hannu, kai ka ce gawa aka kira shi ɗauka.

Mai Zane ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a ciki.

Ɗakin ya yi kyau, ko maƙiyi ya shaida. Manyan hotuna sun zagaye bango, rawaya da ruwan hoda da fari tas, zobe cikin zobe kamar kwalliyar tangaran. Ƙarƙashin kowane hoto akwai tebur, a kai littafin da aka ɗebo abin daga jikinsa, da farantin a cikin akwatin gilashi, da ɗan kati mai bayani. Littafin soyayya shi ya fi kowa launi. Na lissafi kuwa katinsa cewa ya yi daga shafi na ashirin zuwa ƙarshe ba a samu komai ba, don babu wanda ya taɓa kaiwa can. Shugaba ta kusa shaƙewa da dariya.

Baba bai kalli hoto ko ɗaya ba. Duba-gari ba ya duba abin da aka nuna masa, abin da ba a nuna ba yake nema.

Ya zaro farin hankici, ya miƙa hannu ya shafo saman ƙofa. Ya duba. Fari. Ya durƙusa da ƙyar ya haska ƙarƙashin tebur, ya shafo ƙafafunsa. Fari. Ya ɗaga labule, ya leƙa kwandon shara, ya sunkuya ya shinshina magudanar wurin wanke hannu. Auta na tsaye jikin bango tana bin sa da ido.

"Miƙo hannunka."

Mai Zane ya miƙa. Baba ya haska faratansa ɗaya bayan ɗaya, ya saki.

"Murafen farantan nan, idan yaro ya ja fa?"

"Kowanne an naɗe shi da salatif zagaye uku, Baba, sannan akwatin a kulle yake. Makullin na wuyana."

"In sun gama aikinsu, ina kake zubarwa? Kwata?"

"A'a. A tukunyar tururi nake sa su su dahu minti arba'in, in ƙulle a leda biyu, in kai inda asibiti ke ƙona nata."

Baba ya rubuta wani abu. Ya matsa gaba, ya ci karo da wani faranti da babu komai a cikinsa.

"Wannan kuma ya ƙi tsirowa ne?"

"Shi ne shaidata. Duk ranar da na yi aiki nakan bar guda ban shafa masa komai ba. Idan wani abu ya tsiro a cikinsa, to daga hannuna dattin ya fito, ba daga littafi ba. Sai in dafa duk na ranar in sake daga farko."

"Ya taɓa faruwa?"

"Sau biyu."

Baba ya ɗago ya dube shi sosai, karo na farko tun da ya shigo. Auta ta san wannan kallon. Shekara talatin da biyu Baba na tambayar mutane ko sun taɓa kuskure, kowa rantsuwa yake yi bai taɓa ba.

Mai Kemis ya ga abin na neman sulluɓe masa. Ya ja takunkumin ƙasa, ya sosa hanci, ya dafa teburin.

"Baba, kada daɗin baki ya ruɗe ka. Ko ma yaya ne, cuta ce fa a cikin..."

"Ɗauke hannunka."

"Na'am?"

"Safar da ka sosa hanci da ita kake dafa teburin mutane? Safar ta kare ka kai, mu kuma mu mutu? Haka kake ƙirga wa matata magani?"

Mai Kemis ya janye hannun kamar ya taɓa wuta, ya rasa inda zai sa shi, ya cusa a aljihu. Auta ta danne dariya da gefen gyale, wani ɗan haske ya fara shigar mata zuciya.

Saura tebur ɗaya, na can ƙurya.

Wani tsohon littafi ne na koyon aikin tsaftar gari, bangonsa ya rabu biyu. An buɗe shi a babin rijiyoyi. Kusan kowane layi an ja shi da fensir, ga da'irar gindin kofin shayi a tsakiya, a ƙasan shafin kuma ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin, ya zauna daram har ana ganin zanensa. A gefe an ajiye katin aro irin na da. Ranakun na nan a fili, sau goma sha ɗaya cikin shekara uku, amma layin sunaye an rufe shi da farar takarda.

Baba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har Shugaba ta dubi agogo. Sannan ya kashe tocila.

"Na samu datti."

"Alhamdu lillahi!" in ji Mai Kemis.

Auta ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu. Shi ke nan, ta ce a ranta, shi ke nan, an gama da ni.

Baba bai waiwayo ba. Idonsa na kan katin.

"Me ya sa ka rufe sunan?"

"Mai shi na raye, Baba, kuma bai ba ni izini ba."

"Ka san shi ke nan?"

Mai Zane ya sunkuyar da kai. "Na san shi."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Wata biyar." Muryar Baba ta sauya. "Sau nawa na kore ka daga ƙofar gidana a cikin wata biyar ɗin nan?"

"Uku."

"Kana riƙe da wannan, ba ka buɗe baki ba? Ko ita ba ka gaya wa ba?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa. Jiya da na ji kai za ka zo na so in cire shi. Sai na ga idan na ɓoye abu ɗaya, duk sauran ma ƙarya ne. Kuma Baba, littafi ɗari huɗu na duba a nan, ban ga wanda aka so kamar wannan ba."

Auta ta ɗago jiƙaƙƙun idanunta, ba ta gane komai ba.

Baba ya sa farce ya ɓare farar takardar a hankali. Sa hannu ɗaya ne daga sama har ƙasa, sau goma sha ɗaya, mai doguwar jela a ƙarshe. Auta ta san wannan jelar. Ita ce a kan duk takardun makarantarta tun daga aji ɗaya.

Ya ɗaga babban yatsansa ya ɗora a kan baƙin shatin. Ya zauna cif.

"Baƙin mai ne," ya ce. "Gareji nake aiki a lokacin. Hutun cin abinci nake rugowa nan, ko hannu ban tsaya wankewa ba, don minti talatin ne kawai. Sau biyu na faɗi jarrabawar duba-gari, Auta. A na uku na ci. Ko Mamanki ba ta sani ba."

"Baba..."

"Tsohon da ke teburinki a lokacin ya ga yatsan nan. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya buga min hatimi ya ce in je in ƙara wata guda." Ya cire gilashi, ya rasa hankicin da zai goge ido da shi don ya gama shafe ƙofofi da shi, ya sa bayan hannu. "Ni da nake cewa ban taɓa barin datti a bayana ba."

Ya juya wajen Shugaba, ya gyara tsayuwa, muryar aiki ta dawo.

"Ranki ya daɗe, na duba. Datti guda ɗaya na samu a ɗakin nan, kuma nawa ne. Tun da na fara aiki ban shiga wuri mai tsaftar wannan ba. A buɗe wa jama'a."

Shugaba ta tafa hannu ba ta sani ba. Mai Kemis ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya dube shi ta saman ido, sai ya tuna ya bar shago ba kowa. Har ya fita yana fama da ƙofa da gwiwar hannu.

Auta ta rarrafo ta riƙe ƙafar Baba, tana kuka tana dariya, ta kasa haɗa kalma biyu. Farin ciki ya cika ta har tana jin kamar ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Amma tsoro bai gama sakinta ba, don buɗe ɗaki daban, amsar da take jira daban.

Mai Zane ya ɗauko wata farar takardar.

"Bari in mai da rufin, Baba, kafin mutane su shigo."

"Bar shi a buɗe. Duk yaron da ya faɗi jarrabawa ya zo ya gani." Baba ya nuna ɗan katin bayanin da ke gaban littafin. "Me ka rubuta a nan?"

"Na sa: yatsan wani mai karatu."

"Wani? Ni ne wani? Sake shi."

Mai Zane ya ɗauko sabon kati, ya cire murfin biro.

"Me zan sa, Baba?"

Baba ya dubi 'yarsa a ƙasa, ya dubi saurayin, ya yi gyaran murya kamar mai karanta hukunci.

"Rubuta: yatsan surukin mai zane."

Mai Zane ya ɗora biron a kati sau biyu ya kasa ja. Auta ta miƙe, ta share fuska da gyale, ta karɓe shi daga hannunsa.

Ita ta rubuta, da manyan baƙaƙe.